Gonar Ikilima ta Kan Iyaka

A Kwarin Gawo, wani ƙauye da ke can ciki idan ka sauka daga titin Kiyawa zuwa Dutse, babu wanda bai san Ikilima mai ƙuli ba. Tun tana budurwa take suyar gyaɗa. Ta auri Malam Jaji mai gyaran keke, ya rasu ya bar mata marayu huɗu, da kaskon nan ta raine su. Ba zafin wuta ne ke cin ranta ba, markaɗe ne. Injin garin na dizal ne, yau ya tashi gobe ya kwanta, sai ta ɗora buhu a babur har Kiyawa. Manyan wayoyin lantarki kuwa ta saman gonakinsu suka ratsa, ko ƙwan fitila ɗaya ba a sauke musu ba.

Wata shekara bayan girbi, ma'aikata suka zo ƙofar dagaci. Shugabarsu Injiniya Dorcas ce, 'yar Filato da ke zaune a unguwar Yalwawa ta Dutse, tare da wani abokin aikinta Badamagare. Suka ce ƙasashen yankin ne suka haɗa hannu don kai wutar sola ƙauyuka, har da na ƙetaren iyaka. Amma gari ɗaya ya yi kaɗan. Sai Kwarin Gawo da Tudun Kanya da rugar Fulanin da ke bayansu sun yarda da tasha guda, sun kuma ba da fili.

Nan aka tsaya. Garuruwan biyu ba sa ga maciji tun wata tsohuwar rigimar fadama. Kowane dagaci ya ce a ƙasarsa za a kafa, ko a fasa. Da zama ya ƙi ƙarewa, Dorcas ta ce za su kai kayan wani wuri.

Ikilima tana da gonar gado a daidai kan iyakar garuruwan, wadda yayanta Abdulbaƙi yake nomawa aro. Ta yafa mayafi ta tafi ƙofar dagaci ana tsakar zama, ta durƙusa daga gefe.

"Ranka ya daɗe, a kafa a gonata. Ba taku ba ce, ba tasu ba ce. Tawa ce, na bayar."

Abdulbaƙi ya miƙe tsaye. "Ke Ikilima! Gonar ubanmu za ki miƙa wa mutanen Tudun Kanya?"

"Rabona ne, Yaya. Kana zaune malamai suka raba."

"To, daga yau kada ki sake tako gidana."

"Allah ya huci zuciyarka, Yaya. Amma na bayar."

Gari ya juya mata baya. Matan da ke sayen mai a wajenta suka daina aikowa. Ta ɗauki farantinta ta koma cin kasuwar Tudun Kanya, inda mutanen garinsu ba sa zuwa. Tana sayar da ƙuli tana yi wa mata bayani. Ta bi masu tallar nono har ruga, ta zauna da uwargidan arɗo. Ma'aikata suka auna gonar suka kafa turaku, washegari aka tarar an tumɓuke. Ta mayar da su da hannunta. Aka sake cirewa, ta sake mayarwa, ta shimfiɗa tabarma a gindin wata kanya da ke gonar ta mai da wurin wajen ɓarar gyaɗarta.

Ranar share fili da safe ba namiji ko ɗaya da ya fito. Mata ne suka zo da fartanya da tsintsiya daga garuruwan uku, Fulani da ƙoren nono a ka. Kafin azahar kunya ta koro mazan, dagatan biyu suka iso kowa ta hanyarsa, suka gaisa a tsaitsaye.

Da damina ta kama, wuta ta shiga Kwarin Gawo da Tudun Kanya. Aka kawo injin markaɗe mai aiki da lantarki, aka ce a ƙofar Ikilima za a girka. Sai ta tambaya ina wutar ruga. Aka ce turakun waya sun ƙare, sai zagaye na gaba.

"To a bar injin a kwalinsa," in ji ta. "Gari uku na ba gona, ba biyu ba."

Dorcas ta lallashe ta. "Inna, ki karɓa mana, ke kika sha wahalar nan."

"'Yata, matan nan da hannunsu suka share filin. Da wane ido zan kalle su?"

Tun daga nan ta mai da ofishin shirin da ke Dutse wajen zuwanta. Takan shiga motar haya da uwargidan arɗo, su zauna a benci har a saurare su. Masu gadi sun san ta, har kujera suke jawo mata. A zuwansu na baya-bayan nan an nuna musu turaku a bayan ofis, an ce nasu ne. Ikilima ta shafa ɗaya, ta ce za ta yarda ranar da ta gan shi a tsaye a ruga.