Irin geron da Nomau ya bari

Bana shekara goma sha biyar ke nan da muka binne yayana Nomau a Jiratawa. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don bokona kaɗan ne, shi kuwa bai san jarida ba balle ta dame shi. Tsoro ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ana ta faɗa a gari cewa manyanmu sun tafi Faransa za a ƙulla sabon zumunci, wai ƙasarmu da tasu sun zama abokan ciniki: mu noma gyaɗa, su saye ta duka da daraja. Ni buhun gyaɗa nake ɗinkawa a nan Maraɗi tun ina da ƙarfina. Na taɓa jin wannan alkawari, na kuma ga inda ya ajiye mu.

Nomau manomi ne, kuma bai bar al'adar kakanninmu ba. Ni na shigo gari na kama salla, shi ya zauna a gona. Kowace kaka, kafin a sa wuƙa a gero, sai ya shiga gonar shi kaɗai ya bi ta layi-layi yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika. Ya ɗaure ta daban, ya sa a wani ɗan rumbun ƙasa, ya barbaɗa toka, ya liƙe bakin da laka. Iri ke nan. A gidanmu ba a fasa wannan laka sai ruwan shuka ya sauka, ko da mutuwa aka yi, ko da biki. Wanda ya liƙe shi ke fasawa; in ba ya nan, ɗansa.

Da kumandan, Baturen mulki, ya aiko a ƙara gyaɗa, mutane ba su yi gardama ba. Da ita ake biyan lampo, wato haraji, da ita ake sayen zane. Gonakin gero suka dinga komawa gyaɗa, daga Jiratawa har Tibiri. Nomau ma ya shuka, tunda dole ce, amma ya bar ƙurya guda ta gero. Na yi masa tsiya a kan haka, na ce Nasara sun yi alkawarin saye. Ya ce, "Ɗan birni, wanda ya yi maka alkawarin nan, ka san gidansa? In ya fasa, ina za ka same shi?"

Sai Turawa suka kama yaƙi a can ƙasarsu. Mu ba mu san kan rigimar ba. Abin da muka gani, namu na Faransa sun ɓata da na Ingila masu riƙe da Katsina da Kano, aka rufe iyaka. Gyaɗarmu kuwa ta Kano take bi ta hau jirgin ƙasa. Buhunan da na ɗinke da hannuna suka tsaya a fili, ƙwari na ci. Ba wanda ya zo ya ba mu haƙuri. Damina kuma ta yi gardama, ɗan geron da aka samu bai kai bazara ba. Mutane suka koma cin gyaɗa safe da yamma, ciki ya ƙi ta, zawo ya shiga gidaje. Daga nan aka koma cin 'ya'yan anza da ganyen tafasa.

Na je Jiratawa na tarar da Nomau zaune a gindin ɗan rumbun nan, ƙashin wuyansa duk a waje. Abin da aka samu yara yake tura wa. Na ce, "Yaya, fasa lakar nan. Ko dami ɗaya ne a yi maka kunu."

Ya dube ni yana dariyar da ba ta da ƙarfi. "Kai da ka iya salla, tahi ka roƙa muna ruwa. Ni bari in riƙe abin da za a zuba in ya zo."

Bai ga ruwan ba. Da ya sauka, ɗansa Arzika ne ya fasa lakar. Gidajen da suka cinye nasu iri suka zo da ƙorai, har daga Tibiri, kowa aka ba shi abin da tafin hannu ya ɗauka. Kakar da ta biyo, geron Nomau ne a gonaki da yawa. Waɗanda suka ci tuwonsa suna nan da rai, wasu ma yanzu su ne dillalan gyaɗa.

Da Nomau zai tashi yau, ban san me zai ce ba. Zai ga motocin kaya jere a Maraɗi, zai ga rufin kwano da kekuna, ba zan ɓoye wannan ba. Amma na san tambayar da zai yi: waɗanda suka tafi Faransa, sun tambayi abin da za mu ci ranar da aka daina saye? Turawa in sun rasa gyaɗarmu, za su samu a wata ƙasa, ko su soya abincinsu da wani mai. Mu in mun rasa su, me za mu soya? Zumuncin da ɗaya zai iya tashi ya tafi, ɗaya kuwa ba ya iyawa, ni ban san sunansa ba. Kuma farashin nan da ake yabo, ta waya yake zuwa daga can. Ban taɓa ganin an aika namu ba.

Wannan kaka na je Jiratawa. Arzika ya zama magidanci, ya ce mini baɗi ƙuryar geron ma gyaɗa za ta koma, gero a kasuwa zai saya. Na ce to iri fa? Ya ce bai zaɓa ba, ba kuma zai zaɓa ba.

"Ubanka a kan irin nan ya mutu," na ce.

"Shi ya sa, Baba," in ji shi. "Kai ka ga gari ya ci tuwo. Ni na ga ubana yana mutuwa da gero a bayansa. Rumbun nan ba ni ƙara liƙe shi."

Na bar shi na nufi gonar.

Geron bai riga ya faɗi ba, sai na shiga da kaina. A nan na gane ban san abin da Nomau ke dubawa ba. Tsawo ne, ko nauyi, ko launin ƙwaya? Shekaru ina ganin yana shiga, ban taɓa binsa ba. Na yanki waɗanda suka yi mini kyau a ido, na ɗaure da zaren buhu, na ɗauko zuwa Maraɗi.

Abin da ya rage na Nomau ke nan. Kabarinsa ya baje, rumbunsa kaji ke kwana ciki. Saura dami guda rataye a ɗakin mutumin da ba shi da gona. Kowace safiya ina sa hannu in duba ko ƙwari sun shiga. Iri ba ya daɗewa a rataye; in damina ta wuce shi sau ɗaya, sau biyu, ya mutu, ni ma ba yaro ba ne.

Don haka wanda ke da ƙasa, kuma yana da sauran tsoro, ya zo filin gyaɗa ya tambayi mai ɗinkin buhu ɗan Jiratawa. Ba sayarwa nake ba. Ya zo kafin ruwa.