Mai Shafi da Marar Shafi

Yayata ta shekara talatin da ɗaya tana ɗinkin hannu a shago ɗaya, a saman bene, gefen taga. Ni guga nake yi a shagon, teburina yana bayanta, don haka na fi kowa sanin ƙeyarta. Kowa Yaya yake ce mata, har Maigida mai shagon, wanda ta sani tun yana rarrafe a ƙarƙashin teburin da mahaifinsa ke yankan yadi. Ni kuma Auta take ce mini, ko da yake jikokina biyu.

Aikinta shi ne abin da keke ba ya iyawa: ƙofar maɓalli, lafin da ba a ganin zarensa ta waje, da cike yagar da mai kaya ba ya son kowa ya san an taɓa yi. A wurin babanmu ta koya tun tana 'yar shekara goma sha biyu. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku, da allurar nan ta riƙe su har kowa ya kama gabansa. Ba ta da yawan magana, kuma yabo yana mata wuyar fita. Idan ta juya rigar da ka ɗinka, ta duba cikinta, ta ajiye ba ta ce komai ba, to ranar ka ci sa'a.

Tun bara yanar ido ta fara rufe mata gani. Ni kaɗai na sani. Nakan riga kowa zuwa da safe in zura mata zare a allura ashirin, in soke su a jere a jikin wani ɗan matashi, farare a hagu, baƙaƙe a dama, sauran launuka a tsakiya yadda muka shirya. Ɗinkin kansa yatsunta sun haddace shi. Na yi mata maganar asibiti har bakina ya gaji, kullum amsarta sai aiki ya ragu. Na san abin da take tsoro. Maigida ba mugu ba ne, amma ya daɗe yana sha'awar wani keke mai yin ƙofar maɓalli cikin minti ɗaya, nauyin Yaya kawai ya hana shi saye. Ranar da ya san ba ta gani, wannan nauyin ya sauka, wurin zamanta na gefen taga ya tafi.

Ana cikin haka aka fara nuna wani wasa a talabijin ɗin da ke rataye a bangon shago. Kashi shida ne, duk Laraba da ƙarfe biyu. Labarin wata ƙasa ce mai sanyi, shekaru ɗari bakwai da suka wuce. Tsohon sarki ya mutu a gidansa na dutse, 'ya'yansa uku suka hau rikici a kan kujera, uwarsu sarauniya tana tsakiya tana ƙulle-ƙulle. Ga sulke, ga takubba, ga mutanen da ba a taɓa nuna sun yi wanka ba.

Shagonmu ya rabu tun kashi na farko. Dogo, mai yanka mana yadi, ya bi bayan babban ɗa, wai gado na babba ne ko da kansa babu komai. Amarya, wadda ke kan keke na biyu kuma ta shekara tara a gidan miji ba a daina kiran ta haka ba, ta ɗauki ƙaramin saboda yana da ladabi da kyan gashi. Masu kawo ɗinki suka koyi zuwa karɓar kaya ranar Laraba da ƙarfe biyu daidai. Wani dattijo da ya taɓa kiwon dawaki ya ce wasan ƙarya ne daga farko har ƙarshe, don babu dokin yaƙin da zai yi wannan ƙiba. Duk da haka bai taɓa fashin zuwa ba. Maigida yana karanto mana abin da mutane ke rubutawa a waya, yana jin haushinsu kamar a gabansa suke.

Yaya ba ta ɗauki kowa ba. Takan ɗaga kai jefi-jefi ta koma kan aikinta. A kashi na biyu aka shigo da wani jarumi, sabon shugaban masu gadin sarauniya, ƙato mai jar alkyabba. Dogo ya ce ga wanda zai gyara ƙasar nan.

Yaya ta ce, "Wannan ba zai kai mako mai zuwa ba."

Aka yi dariya. Kafin a tashi daga wasan an harbe shi da kibiya a wuya. Amarya ta dakatar da kekenta ta juyo.

"Yaya, kin taɓa kallo ne?"

"A ina?"

"To ya aka yi kika sani?"

"Alkyabbarsa ba ta da shafi daga ciki. Wanda ya ɗinka kayan wasan nan tela ne kamarku. An ce masa wannan sau ɗaya zai sa, wancan sau shida. Ke za ki ɓata yadin shafi a kan rigar yini ɗaya?"

Aka kalli juna. Duk teloli ne, babu wanda bai taɓa yin wannan ha'incin ba. Dogo ya sosa kai ya ce shi dai bai ga wani shafi ba.

A kashi na uku Yaya ta kashe mai ba marigayi sarki shawara da bakinta tun yana gaisuwa. A na huɗu ta kashe matar babban ɗa, ta kuma ce wa Amarya ta daina sharar hawaye, ƙaramin ɗan sarkin nan nata da aka jefa a rijiya zai fito, don rigarsa ta ci aiki. Ya fito kuwa. Dattijon dawaki ya ce ta ɓata masa wasa, gara ta riƙa yin shiru, amma da zarar sabuwar fuska ta bayyana shi ne na farkon juyowa ya kalle ta. Labari ya sauka bene ya bi layi. Mai gyaran agogo na ƙasa ya fara hawowa yana tambaya, "Yau wa za mu rasa?"

Ni abin bai yi mini daɗi ba, don na san yadda take yi. Ba ɗinki take gani ba. Daga inda take zaune ko fuskokinsu ba ta rarrabewa. Motsin tufa take kallo. Riga mai shafi tana da nauyi, idan mai ita ya juya sai ta biyo shi a hankali. Marar shafi kuwa tashi take yi kamar zanen da aka shanya. Wannan ko da rabin ido ana gani. Su kuma sun ɗauka zare take ƙirgawa daga nesa, har Dogo yana cewa idon Yaya ya fi na yaran yanzu.

Na same ta a kan hanyar gida na ce, "Yaya, ki rage bakin nan. Kina jawo ido kan idonki."

Ta ce, "Auta, shekara nawa ina zaune a wurin nan, wa ya taɓa tambayata ra'ayina a kan wani abu? Bar ni in ɗan sha iska."

Na ƙyale ta, don gaskiya ta faɗa, kuma na daɗe ban ga tana jin daɗin zuwa aiki haka ba.

Ranar kashi na biyar wani lauya ya hawo da baƙar rigar da suke yafawa a kotu. Ƙusa ta yage ta a kafaɗa, yaga mai tsawon yatsa. Ta mahaifinsa ce, ba ya son sabuwa, ba ya kuma son faci. Shaguna biyu sun ce ba za su iya ba. Maigida ya karɓa yana murmushi.

Ya ce, "Ka zo inda ya dace. Muna da wadda ke ganin ɗinki a cikin talabijin. Ka dawo Laraba."

Na kalli Yaya. Cike yaga aiki ne na bin zaren yadi ɗaya bayan ɗaya, a saƙa sabo a cikin tsoho. Baƙi a kan baƙi ko mai ido biyu lafiyayyu yana shan wuya. Yaya ta shafa yagar da babban yatsa, ta ce to.

Na ce mata a ɓoye ta ce hannunta na ciwo. Ta ƙi. Na ce ta bari in gwada a gida. Ta ce hannuna na dutsen guga ne. Sai na ƙara mata allurai masu baƙin zare, sha biyu kowace safiya, da gajeren zare yadda take so. Ta duƙufa. Ba ta ɗaga kai, ba ta shiga hira, abincinta yana hucewa a gefe. Ina kallon ƙeyarta tana jiƙewa da gumi. Idan kowa ya fita sai ta miƙo mini in duba, ni kuwa in rasa inda yagar ta fara. Ban taɓa ganin ta yi aiki mai kyan wannan ba, har lokacin da idonta ke garau.

Ranar Talata saura kamar faɗin farce biyu. Ni kuma haƙori ya hana ni sakat, da rana na tafi aka cire shi. Washegari ban iso shago ba sai wajen ƙarfe biyu, kumatu a kumbure. Na tarar an cika maƙil don kashi na ƙarshe, har da waɗanda ban taɓa gani ba. Yaya ta jawo ni ta raɗa mini cewa ta gama tun jiya. Allurai sun ƙare mata, ta laluba aljihun tebur ta ɗauko zare, ta zura da kanta. Ta ce ta kai minti sha biyar tana fama kafin ya shiga. Tana faɗa tana murmushi kamar yarinya.

Na ce, "Ina rigar?"

Ta ce ta ninke ta ba Maigida.

A aljihun teburin nan baƙin zare da shuɗi mai duhu maƙwabta ne. Kafin in yi wani motsi an fara wasan, an kewaye gidan dutsen da sojoji, mai gyaran agogo yana tambayar Yaya wa zai rage. Ta ce sarauniya, alkyabbarta ta fi ta kowa nauyi. Maigida kuwa ya warware rigar ya kai ta taga don ya duba kafin lauya ya iso. Na ga ya tsaya. Ya karkata ta ga haske, ya sake karkatawa. Sannan ya matso kusa da Yaya ya durƙusa, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai na ji.

"Yaya, wannan zaren na ƙarshe wane launi ne?"

Ta karɓa ta kai kusa da fuska. "Baƙi."

Ya ci gaba da kallon zaren. A talabijin ana ta sare-sare, Dogo yana buga tebur.

Ta ce, "Ba baƙi ba ne ko?"

"Shuɗi ne."

Ta ajiye rigar a cinya, ta shimfiɗa hannu a kai.

Ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun bara."

Ya juyo ya kalle ni, na kalli dutsen gugata. Na zaci zai yi faɗa, da ma ya yi. Ya dai ce ta je a duba idon, za a san yadda za a yi. Duk mu ukun mun san yadda za a yi.

Sai ihu ya tashi a shagon. An kashe sarauniya a kan matakalar gidanta, ƙaramin nan mai ladabi ne ya sa aka kashe ta. Amarya ta rufe baki. Mai gyaran agogo ya juyo yana dariya, ya ce yau dai Yaya ta faɗi. Dattijon dawaki ya ce ai a kashi na ƙarshe tela ba shi da ta cewa. Babu wanda ya lura Yaya ba ta kallo.

Ta ce, "Auta, ɗora mini yatsa inda shuɗin ya fara."

Na kama yatsanta na ɗora. Ta ɗauki tsinin allura ta shiga zare aikin jiya, zare ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin baƙaƙen ba. Da ta gama ta tattara guntayen a tafin hannu ta zuba a kwando. Ta kira Amarya, wadda ta taso tana share ido saboda sarauniya.

"Zauna nan. Saura faɗin farce biyu. Ki bi zaren yadin, kada ki ja da ƙarfi. In kin ja zai tattare."

"Ni, Yaya? Ai ba kya bari a taɓa miki aiki."

"Zauna."

Amarya ta zauna a gefen taga. Yaya ta tsaya a kanta har ta ji allura ta shiga sau uku, ta shafa, ba ta ce komai ba. Ta ɗauki jakarta. Wasan bai ƙare ba, saura naɗin sabon sarki, mutane suka matsa mata hanya idonsu na kan bango. Na kashe dutsen guga na bi ta.

A bakin matakala ta tsaya. Wurin ba shi da haske sosai, ta ɗan jima tana kallon ƙasa.

Ta ce, "Auta, riƙe mini hannu. Na gaji da ƙirga su."

Na riƙe, muka sauka.