Ƙaramar laimar da na saya

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Ina ganin saƙonninku, ku yafe ni, ƙarfin amsawa ne babu. Yau na ce bari in faɗa sau ɗaya in huta.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Ruƙayya, haifaffiyar unguwar Utaibiyya a Makka, ina koyar da lissafi a makarantar 'yan mata. Shekara biyu da suka wuce na fara koyon dirowa daga jirgin sama da laima, wadda a nan muke ce wa barashut. Umma ba ta taɓa so ba. Yaya Usman, babban wana, shi ya sa baki ta ƙyale ni.

Duk tsawon koyo laimar haya nake ɗauka. Babba ce, mai haƙuri, a hankali take sauke mutum. Matsalata ɗamarar da ake ratayawa. Ta yi mini yawa, ni da nake kilo hamsin da biyu. Kullum sai na sauko da kwarzane a cinya, kafaɗa tana zamewa.

Da na cika dira arba'in, wata 'yar'uwa da ta daɗe a harkar ta sa kayanta a kasuwa. Na gwada, suka zauna mini kamar tela ya auna ni. Sai dai jakar da ake goya laimar a ciki ƙarama ce. Laimar da ke ciki mai lamba ɗari da talatin da biyar ce, ni kuwa na saba da ɗari da casa'in. Lambar ita ce faɗin laima.

Na ɗauki biro na haɗa nauyina da na kaya, na gwada da faɗin. Ya fito daidai da abin da aka yarda wa sabon shiga.

Na nuna wa malaminmu. Ya ce, "Ustaza, lissafinki bai yi ƙarya ba. Amma ƙaramar laima igiyoyinta gajeru ne, kina ɗan ja ta juya ta nufi ƙasa. Ki fara da ɗari da saba'in tukuna."

Na ce masa to. Amma na saye ta, na bari sai makon da ya yi tafiya na fara dira da ita.

A dira ta uku da ita, rana ta take, ba iska ko kaɗan. Na kusa ƙasa sai na hango wani mai dira a haguna. Don in kauce masa, na ja igiyar dama yadda na saba ja da babbar laima. Ban san lokacin da na zube a kan mazaunaina ba.

Na miƙe, na kakkaɓe, har da dariya. Kunya ce ta hana ni cewa bayana kamar an soka ƙusa. Na dawo gida na sha maganin ciwon jiki, ban gaya wa kowa ba.

Kwana biyu bayan nan, a sallar la'asar, na yi sujada na kasa ɗagowa. Ƙafata ta hagu ta zama kamar itace. A haka Umma ta same ni.

A mustashfa, wato asibiti, aka yi hoton ƙashi, aka kuma tura ni cikin na'urar nan mai kama da rami, mai ƙara. Likitar ta ce, "Ƙashi ɗaya na gadon bayanki ya murƙushe, yana danne jijiya. Wa ya bar ki kika yi kwana biyu kina yawo?"

Na tambaye ta ko zan sake tafiya. Ta ce, "Mu yi aikin tukuna."

Wannan amsar ta fi ciwon tsorata ni.

An sa mini ƙarfe da kusoshi huɗu. Kwana goma sha ɗaya a kwance, sai an juya ni kamar kaya. Ɗibar jini da safe, allura, awon zafi, a tsikari yatsun ƙafa a ce kin ji? Ranar shida na ce na ji. Yaya Usman ya fita waje, ya dawo idonsa jawur.

Gidanmu hawa na uku ne, ba lif. A kujera aka hau da ni. Wata uku ina ɗaure da hizami, ɗamarar riƙe baya, daga ƙirji zuwa ƙugu, cikin zafin Makka. Shekarata talatin da ɗaya, Umma ce take yi mini wanka. Layin gashin ƙashi a asibitin gwamnati ya yi tsawo, dole muka koma na kuɗi, Yaya ya ɗauki nauyin bai taɓa faɗa mini nawa ba.

Yanzu ina tafiya ba sanda. Na koma aji, amma a zaune nake koyarwa. Ƙafar takan yi sanyi haka kawai. Na gaji, ba zan ɓoye muku ba. Amma alhamdu lillahi.

Masu shirin sayen laimarsu ta farko, don Allah ku saurare ni. Kada ku zaɓi laima don jakar ta yi muku daidai. Ku fara zaɓen faɗin da malaminku ya yarda da shi, sannan a nemo jakar da za ta ɗauke ta, ko da za a daɗe ana nema. Marasa nauyi irina, lissafi kaɗai ba ya isa. In kuma kun bugu da ƙasa, ku kwanta a wurin har a duba ku. Kada kunya ta tashe ku.

Na gode wa likitoci da ma'aikatan jinya, da abokan aikina da suka riƙe mini aji, da malaminmu da ya zo dubiya bai ce mini komai ba sai sannu. Yaya, Allah ya saka maka da Aljanna.

Da yawanku kuna tambaya ko zan koma dira da laima. Jiya na ɗan taɓo wa Umma zancen muna tsinke ganyen mulukiyya, wato lalo. Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Sau biyu ke nan ina koya miki tafiya, Ruƙayya. Ba ni da ƙarfin na uku."

Na ci gaba da tsinkar ganye.