Mutumin da ke gwada sipika da faɗan matarsa

Ƙarfe bakwai da rabi na safe yake hawa benen, hannu ɗaya a ƙarfen matattakala, ɗayan riƙe da makulli. A lokacin telolin da ke ƙasa ba su ma buɗe shago ba. In ya shiga ɗakin ba ya kunna komai. Zai buɗe taga, ya yaye ƙyallen da yake rufe sipikokinsa da shi, ya goge tebur, sannan ya zauna shiru kamar minti goma sha biyar. Na taɓa tambayarsa me yake jira. Ya ce kunnen da ya sha hayaniyar titi ba a ɗora masa aiki sai ya huta. Shekara talatin da ɗaya yana haka, sai ƙarshen watan jiya da ya mayar wa mai benen makullinsa.

Sana'arsa haɗa sauti. Mawaƙi ya rera, makaɗi ya kaɗa, kowa ya kama gabansa, sai a bar shi da murya da ganga da jita kowanne a ware, ya yi ta lallashinsu har su zauna lafiya a waƙa guda. Waƙa ta fita, a yabi mai murya, shi kuwa ko a mafarki ba wanda ke tuna shi. 'Yan sana'a suna kiransa Mai Kunne. Ni dai Baba nake ce masa, shi kuma ya ce min 'yata.

Shekara tara da suka wuce na fara hawa benen nan. Ina haɗa tallace-tallacen rediyo da 'yan waƙoƙi a lungun falona, na tara ɗan abin da na tara, sai idona ya faɗa kan wasu manyan sipikoki a kasuwa, baƙaƙe, masu shuɗiyar fitila. In an kunna su har a ƙirji kake jin ƙugi. Kuɗina zai saye su cif, ba ragowar ko sisi. Maigidana, wanda iyakar saninsa a sauti shi ne ƙara murya, shi ya ce in fara tambayar tsohon nan na saman teloli kafin in yi abin da zan zo ina cizon yatsa.

Na zayyana masa komai, ya ce, “Ɗakin naki taku nawa ne?”

“Baba, sipika na zo tambaya.”

“Na ji. Taku nawa?”

“Biyar a tsaye, huɗu a kwance.”

“To waɗannan da kike so, in kin sa su a nan, ɗakin za ki riƙa saurare, ba waƙar ba. Tashi mu je.”

Ya rufe ɗakinsa da rana tsaka ya bi ni kasuwa. Mai shago na ganinmu ya saki wata waƙa mai zafi har kwalaye na rawa a kan kanta. Baba ya ɗaga hannu ya ce a kashe, ya zaro wata tsohuwar memori mai ɗauke da sauti daga aljihun gaba, ya ce a sa wannan. Sai ga muryar mace ta cika shagon: “Wallahi in ka sake barin min wayoyin nan a kan gado, shara zan zuba su! Ka ji ko ba ka ji ba?”

Shago ya kwashe da dariya, ni kuwa kunya kamar in nutse. Shi ko a jikinsa. Ya ce, “Hajiyata ce. Shekara ashirin da wani abu tana min faɗa, ba muryar da na sani kamar tata. Waƙa tana iya ruɗa ni, wannan ba ta iyawa.” Ya rufe ido ya sake saurara, sannan ya nuna sipikokin da na ƙwallafa rai a kansu. “Kin ji? Sun ba ta ƙirjin ƙato. Hajiya ba ta da wannan kaurin. Maroƙiya ce wannan.”

Ranar na koyi kalmar. Maroƙiya, a bakinsa, ita ce sipikar da ke ƙara wa sauti ƙugi da sheƙi don ta burge mai saye. Ta sha daɗi a falo, amma mai haɗa waƙa in ya zauna gabanta, duk shirmen da ya yi za ta ce masa ya yi kyau. Sai waƙar ta fita waje asiri ya tonu.

Mun shiga shago shida. A na ƙarshe ya tsaya kan wasu ƙanana na hannu, ɗaya ma da ƙarzuwa a gefe, ya ce, “Yauwa, ga Hajiya.” Ya sa na ƙara da hedifon guda, shi ma sai da ya sha faɗan Hajiya kafin ya ci jarrabawa. Ragowar kuɗin ya ce labule mai kauri zan saya. Ya biyo ni har gida, ya janye teburina daga jikin bango, ya ari zare ya auna tsakanin sipika da sipika, da tsakanin kowacce da kaina, sai da uku suka zo daidai. Na kunna aikin da nake taƙama da shi, na ji shi a bushe, duk kurakuraina a fili. Haushi ya kama ni, na yi kwana uku ina cewa tsohon nan ya cuce ni. Bayan wata biyu na ji tallata a motar haya, na sake jin ta a wayar maƙwabciyata, duk abu ɗaya ne da wanda na bari a teburina. Kunya ta hana ni komawa da wuri.

Ba ni kaɗai ba ce. Akwai wani direba mai ɗaki ɗaya da ke koyon haɗa sauti, ya so sayar da firjin gidansa don sipika. Baba ya hana. Ya ce bangonsa kamar takarda yake, ya sayi hedifon kawai, in ya gama aiki ya saurara a waya, ya saurara a motarsa, in duka biyun sun yarda to shi ke nan. Yau mutumin yana ci da iyalinsa da wannan hedifon. Masu shagon kayan sauti kuwa in sun hango shi tafe da wani, wasu kan ce kaya sun ƙare. Babban telan ƙasa ya rantse min bai taɓa ganin Baba ya karɓi ko kuɗin mota a wannan rakiyar ba, alhali rabin waɗanda ya raka daga baya su suka riƙa ɗauke masa masu kawo aiki.

Kai ne, Baba, ka koya mana cewa ƙarancin kuɗi ba ya hana aiki mai kyau, son a yabe mu ne ke hanawa. Kai ne ka hana mu ƙure murya, ka ce in waƙa ba ta tsaya da ƙafarta a ƙasa-ƙasa ba, ihu ba zai tsayar da ita ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa bana ya faru. Wata mawaƙiya da ta shekara goma sha takwas ba ta kai aikinta ko'ina sai wurinsa ta kawo masa waƙoƙi takwas. Ranar wata Talata da la'asar ya kira ni ya ce in zo in saurari wani abu. Baba kuwa bai taɓa neman ra'ayin kowa a kan aikinsa ba.

Ya zaunar da ni a kujerarsa ya kunna. Tun baitin farko na gane. Sautin ya yi kaifi, duk inda ta furta “s” ko “ts” sai ka ji kamar an soka maka tsinke. Dalilin kuwa duk ɗan sana'ar nan ya san shi, kuma yana tsoronsa. In shekaru suka ja, siraran sautuka na sama su ne ke fara ɓace wa kunne. Mai haɗawa ya ji waƙa ta dushe, sai hannunsa ya yi ta ƙara kaifi yana neman abin da yake nan, shi ne dai ba ya ji. In waƙoƙin nan suka fita haka, sunan da ya gina a shekara talatin zai zama abin dariya a bakin waɗanda ya koya wa aiki. In kuma na faɗa masa, na gaya wa mutum ke nan cewa abincinsa ya ƙare.

Na ce, “Ya yi, Baba.”

Ya ce, “Ina ta korar maroƙiya a kasuwa, ashe na reni ɗaya a gida.”

Hawaye suka zo min. Ya ce, “Jiya na sa muryar Hajiya, na ji ta kamar daga bayan ƙofa. Na canja waya, na canja sipika, na sa hedifon. Ba laifinsu ba ne. Faɗa min, 'yata. Ya kai ina?”

Sai na miƙa hannu na riƙa rage kaifin a hankali har waƙar ta dawo daidai. Ya sunkuyo ya dubi inda na tsaya da inda ya baro.

“Har nan?”

“Har nan, Baba.”

Na ce masa ai da sauƙi, ya riƙa haɗawa, ni in riƙa zuwa ina dubawa a ɓoye, ba mai ji ba mai gani. Da gaske nake, kuma da ya yarda da zai ƙara shekara biyar a kujerar nan lafiya lau. Ya girgiza kai. Ya ce, “Kunne mutane ke zuwa nema a nan. In babu, sai in ce musu babu.” A gabana ya ɗauki waya ya kira mawaƙiyar, ya gaya mata komai da bakinsa, ya ce ga wadda za ta ƙarasa mata. Ina jiyo kukanta daga inda nake. Ni na ƙarasa waƙoƙin, kuma ban taɓa yin aikin da ya yi min ciwo kamarsa ba.

Na ga masu ajiye aiki don an kore su, na ga masu ajiyewa don sun ƙoshi. Wanda ya ajiye shi yana sonsa, ba wanda ya gano shi, kuma ga hanyar ɓoyewa an shimfiɗa masa, shi kaɗai na gani. Ku da kuke da sana'a a hannu, kowace iri ce, in sabon shiga ya zo da ɗan abin da ya tara, ku tashi ku raka shi. Ku kuma ajiye mutum ɗaya kusa da ku wanda ba zai ji nauyin gaya muku ranar da hannu ya fara kuskure ba, kada ku tsane shi in ya faɗa.

Na gode, Baba. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya, ya bar ka da Hajiya. Na san ba za ka karanta wannan ba, ka ce rubutun ya yi ƙanana. Ranar Asabar zan zo gida in karanta maka da kaina. Likita ya ce kunnen dama ya fi ji, to ta nan zan zauna, kuma ba zan yi sauri ba.