Malama Rabi da Tayoyin Motar Baba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan, ina tsaka da dama wa jikokina koko, waya ta shigo daga Kabo. Malama Rabi ta rasu da asuba.

Na zauna a bakin murhu da ludayi a hannuna har kokon ya yi gudaji.

Ga waɗanda ba su san ta ba, tare muka koyar a wata firamare a Kabo, ajinta yana jikin nawa. Da na haifi Sadiya, ita ta haɗa ajina da nata har na gama wankan jego, kuma ko sau ɗaya ba ta goranta min ba. Ni mai faɗa ce, kowa ya sani, kuma ban tuba ba. In ta ji na ɗaga murya a kan yaro, sai ta leƙo ta taga ta ce, "Malama Hadiza, a rage mana sauransa, gobe ma muna son sa."

Amma ba wannan nake son ku sani ba. Ina son 'ya'yan yanzu su karanta abin da matar nan ta yi wa mahaifinta.

A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a ne. Rayuwa ta yi tsanani, albashi sai ya ga dama yake zuwa, siminti kuwa sai dai mu gan shi a bayan tirela. A daminar nan ruwa ya rushe ɗakin mahaifinta, Baba Ɗanjuma, a wani ƙauye can wajen Kara. Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yansa maza duk sun riga shi gidan gaskiya. Rabi kaɗai ta rage masa. Uwale yake kiran ta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Mijinta, Malam Habu tela, mutumin kirki ne. Da kansa ya share ɗakin da ke kusa da zaure, ya je har ƙauyen ya durƙusa ya ce, "Baba, ka taho gida."

Tsohon ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Amma ni ban taɓa jin inda namiji ya ba da 'yarsa, sannan ya naɗe tabarma ya bi ta ba. Ba zan tare a gidan suruki ba."

Ya koma rumfar kara ya zauna, ga tari, ga ƙafa ta kumbura, ga ruwa bai ɗauke ba. An aika dattawa, ya ƙi. Rabi takan zo makaranta idonta jawur. Ta ce min, "In na bar shi can, sanyi zai kashe shi. In na tilasta masa, kunya za ta kashe shi."

To, a garejin wani bakanike a Gwarzo akwai wata tsohuwar mota mai ɗaki a ciki. Wasu Turawa ne suka ƙetaro hamada da ita tun da daɗewa, injin ya buga, suka bar ta. Akwai gado a ciki, da 'yar taga mai labule, da wurin ajiye kaya. Kaji ne ke kwana a ƙarƙashinta.

Rabi ta ba da saniyar da ta gada daga mahaifiyarta, aka ba ta motar.

Tarakta ce ta jawo ta har Kabo. Da izinin mai unguwa aka ajiye ta a gindin darbejiyar da ke gaban gidan, a wajen katanga. Ni da ita muka wanke ta da omo da ruwan zafi, muka turara ta. Ta sa aka kafa rumfar zana a samanta saboda rana, aka kewaye makewayi a baya, aka kifa tsohon turmi a bakin ƙofa ya zama matakala.

Sannan ta je ta ce masa, "Baba, ba gidan Malam ba ne. Mota ce, tawa ce, da saniyar Inna na same ta. Ka zo ka huta a ciki ka sha magani, in ka ji sauƙi sai ka wuce."

Ya ce, "In dai hutawa ce, to."

Bai daɗe da zuwa ba Malam Habu, da kyakkyawar niyya, ya kira samari su cire tayoyin a ɗora motar a kan bulo, don ta daina girgiza in tsohon ya juya. Ina wurin. Kafin a kwance noti na farko Baba ya naɗe buzunsa ya ɗauki butarsa.

"Uwale, nemo min mai mashin."

"Lafiya, Baba?"

"In kun cire mata ƙafafu ta zama ɗaki. In ta zama ɗaki, na tare ke nan."

Rabi ta juya wajen samarin ta ce, "Ku bari. Kada wanda ya sake taɓa min taya."

Tun daga ranar, motar da injinta ya mutu ba ta taɓa kwana da taya a kwance ba. Da ta ga ɗaya ta fara kwanciya sai ta aika a kira mai faci ya zo da famfonsa. Shi kuwa Baba yana zaune a kan turmi yana duba aikin, yana cewa, "A ƙara wa ta bayan nan, hanya ba kyau."

Mutane sun yi magana, ba za su fasa ba. Wata a gidan suna ta ce wai malama guda ta ajiye ubanta a mota kamar buhun masara. Na ce mata, "Ke naki uban yana ina? Yaushe rabonki da ki wanke masa riga?" Ba ta ƙara ba. Har yau ba ta gaishe ni da kyau, kuma ban damu ba.

Maganar ta kai kunnen kwamitin unguwa masu sa ido a kan tarbiyya, cewa ga wata mota mai labule da ba a san abin da ake yi a ciki ba. Suka zo da hantsi tare da liman. Rabi ta san in suka ce a ɗauke motar, Baba rumfar kara zai koma.

Suka yi sallama. "Waye a ciki?"

"Matafiyi ne."

"Daga ina zuwa ina?"

Ya ɗaga labule da carbi a hannu. "Daga Kara. Inda za ni kuwa, ku ma can za ku."

Liman ya yi dariya ya ce, "To Baba matafiyi, ƙasaru ke nan kake yi mana a unguwa?"

"Cikawa nake, Malam. Wanda aka jawo wa masauki da tarakta, wace wahala ya sha da zai rage salla?"

A nan suka zauna har azahar. Daga baya gindin darbejiyar nan ya zama majalisar dattawan unguwa.

Baba ya ga damina da yawa a motar nan. Tuwonsa da zafinsa, ruwan alwalarsa da ɗuminsa, rigarsa a wanke. Kafin Rabi ta tafi makaranta sai ta durƙusa a bakin turmin nan ta gaishe shi, ta dawo ma haka. A cikin motar ya cika, wata safiya, kansa a kan cinyarta. Kafin nan ya sa an kira Malam Habu, ya ce masa, "Malam, na daɗe a ƙofar gidanka. Ka iya baƙo."

Ganina da ita na ƙarshe watan jiya ne. Ciwon suga ya cinye ta, amma ta ce a fitar mata da kujera gindin darbejiya. Motar tana nan, ta yi tsatsa, tayoyin sun kwanta. Na ce, "Malama, tsakani da Allah, Baba ya taɓa zaton zai koma Kara?"

Ta yi murmushi. Ta ce, "Ya san ba inda za shi. Ni ma na sani. Bai taɓa faɗa ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Abin da ya rage masa ke nan a duniya, Malama Hadiza. Ni ce zan ƙwace?"

Ku da kuke ganin kun gama wa iyaye komai don kun tura musu kuɗi ta waya, ku ji da kyau. Ciyar da tsoho ba wuya. Ku ciyar da shi kansa a ɗage, nan aikin yake. Kada ku gyara wa iyayenku zama ta hanyar karya su. Nawa 'ya'yan ma da su nake, na san kuna karantawa.

Ina alfahari da na zauna aji kusa da matar nan.

Za a yi jana'izarta bayan azahar a ƙofar gidansu, a gindin bishiyar nan.

Ya Allah, Rabi ta rufa wa mahaifinta asiri, ka rufa mata. Ta ba shi masauki ba tare da ta sunkuyar da kansa ba, ka ba ta masauki a Aljanna kusa da shi. Ka ba Malam Habu da yaran haƙuri.

Duk wanda ya karanta, kada ya danna alama kawai ya wuce. Ya tsaya, ya buɗe baki ya yi mata addu'a, ya haɗa da Baba Ɗanjuma.