Makullin Zauren Baba

Har yau idan aka miƙo mini takarda da murmushi, ɗaya hannun nake dubawa. Goggo, yayar babanmu, ce ta koya mini, sai dai na koya a makare.

Shekarar da na gama jami'a, faransanci cike da bakina, wani mai sayar da babura ya zo Zongo yana son zauren gidanmu. Ba saye ba, in ji shi, Allah ya kiyaye. Zai gyara rufin da ke yoyo, ya sa ƙofar ƙarfe saboda ɓarayi, ya jingine 'yan babura a kusurwa. A zauren nan Baba yake karatu, yake sasanta maƙwabta tun kafin a haife ni.

Goggo ta ƙi taɓa goron da baƙon ya kawo tare da kontira, takardar yarjejeniya. Ta ja ni ɗaki.

"Kakanmu yana fataucin goro ya ga wani nasara ya kawo wa wani naba, sarkin gari, tuta da takarda," ta ce. "Kariya aka ce masa. Wa ke mayar wa baƙo kyauta? Naba ya karɓa, ya dangwala yatsa. Shekara ba ta zagayo ba, ko rigimar gona ba ya yankewa sai nasara ya yarda. Hularsa kuwa tana kansa, ba wanda ya taɓa."

"Goggo, zamanin duhun kai ke nan. Ni na karanta kontira ɗin nan, babu komai."

"Can ma akwai ɗan gari da ya ce babu komai."

Na ji haushi ƙwarai. Na ce a raina, tsohuwar da ko sunanta ba ta iya rubutawa ita za ta koya mini takarda?

Baba ajami ya sani, boko bai dame shi ba. Bai kalli takardar ba, ni ya kalla.

"Ka gamsu?"

Na ce na gamsu. Ya sa hannu, ya fasa goro, aka raba. A gidanmu, maganar da aka fasa wa goro ba ta tashi.

Babu ƙarya ko ɗaya a takardar, zaure na Baba ne. Abin da ban tambaya ba shi ne wa zai riƙe makulli. Babura suka hayayyafa kamar kaji. Aka kawo mai gadi. Baba ya koma shimfiɗa tabarma a bakin titi, yana jira a buɗe masa ya ɗauki littattafansa. Na ce mu kai ƙara, ya ce ya ci goro.

Goggo ba ta taɓa yi mini gori ba, da ma ta yi. Rannan wasiƙa ta zo daga ma'aikatar magajin gari. Ina zaune kusa da Baba, na miƙa hannu in karanta masa. Ya ninke ta, ya sa a aljihu, ya ce zai leƙa gidan maƙwabci.