Aikin da Abdulgafar Ya Ɓoye

Duk wanda ke sarin kaya a kasuwar Shahe ta birnin Guangzhou ya san Abdulgafar, ko da bai san sunansa ba. Dogon Bakano ne mai furfura a gefen gemu, kullum da tef ɗin awo rataye a wuyansa. Dama ɗan tela ne, a Fagge aka haife shi, a gindin keken ɗinkin mahaifinsa ya girma. Aikinsa shi ne ya sayo wa 'yan Kantin Kwari kaya, ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya sa a ɗaure, ya raka su har wajen masu aika kaya ta jirgi a Baiyun. Masu shaguna na tsokanarsa da "laoban", wato maigida, saboda ba ya yarda da lambar da aka rubuta a wuyan riga sai ya auna da hannunsa.

Yana da dalilinsa. A shekarar da ya zo, 2006, ya aika wando ɗari uku gida, duk an rubuta musu lambar manya. Da aka kwance su a Kano, ba a sami magidanci ɗaya da cinyarsa ta shiga ba. Ƙarshe 'yan makaranta aka sayar wa. Har yau idan tsofaffin abokansa suka so su tayar masa da hankali, sai su tambaye shi ko akwai sauran wandon nan.

Bayan shekara biyu matarsa Shatu ta biyo shi. Suka kama ɗaki a Dengfeng, hawa na shida, ba na'urar hawa, sai ƙafa. A lokacin unguwar cike take da baƙin Afirka, ka fito daga masallaci ka ji Hausar Kano, ka ji ta Maraɗi, ka ji ta Kumasi, duk a ƙofar shago ɗaya. Shatu gajeriya ce mai yawan dariya, kuma ta riga shi koyon ƙirgen mutanen garin da yatsu. Ita ke gwada masa abaya a Shahe, ta ɗaga hannu, ta zauna, ta miƙe, ta ce wa mai shago, "Wannan ba ta matan Kano ba ce, ƙara mata faɗi." Ta shanya kuɓewa a taga, ta niƙa shinkafa ta tuƙa tuwo, ranar Juma'a gwauraye su cika ɗakin har bakin ƙofa. Idan Abdulgafar ya tuna shekarun nan, ƙamshin daddawa yake fara ji, sannan ƙarar takalminta a kan matakala.

Suka haifi Hafsah lafiya lau. Ta biyu, Firdausi, ita ce ta zo da gardama. Sai da aka yi wa Shatu aiki aka ciro ta, Shatu ta zubar da jini har aka fitar da rai da ita, kwana tara tana asibiti. Likitar da ta karɓi haihuwar ta gaya musu ba ɓoye-ɓoye cewa wani cikin zai iya tafiya da ita. Aka gwada ƙwayoyin hana ɗaukar ciki, suka tayar mata da hawan jini. Saura abu biyu: ko a sake yi wa Shatu aiki a ɗaure mata mahaifa, ko shi a ɗaure masa bututun da maniyyi ke bi. Ya dubi matarsa da ko tsayuwar salla ba ta iya yi sai a zaune, ya ce shi za a yi wa.

Aikin bai kai rabin awa ba. Ya dawo gida yana tafiya a tale, ya hau hawa shida ɗin nan yana hutawa a kowane hawa. Da Shatu ta gan shi a bakin ƙofa ta yi dariya har ta riƙe ɗinkin cikinta, daga nan dariyar ta koma kuka. Suka yi alkawarin ba mai ji, ko iyayensu. Da shekaru suka ja, dangi suka fara tambayar ina ƙanin su Hafsah, sai Shatu ta riƙa cewa, "Tun haihuwar nan ban sake daidai ba, sai addu'a." Ta ɗauke maganar a kanta da son ranta, shi kuma ya saba. Abin da ya cuce shi ke nan daga baya, ya saba da mace ta ɗaukar masa wannan kaya.

A 2018 Shatu ta kai yaran Kano don ta sa su makaranta a wajen mahaifiyarsa. Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke ta. Kafin ya sami jirgi an kai ta makwancinta. Ya dawo Guangzhou, ya bar ɗakin hawa na shida domin ba zai iya hawansa shi kaɗai ba, ya koma wani a ƙasa. Shekara biyar yana cin abincin haya.

Innarsa ce ta matsa masa ya sake aure. Ta kawo masa sunaye, ya zaɓi Surayya, malamar makarantar firamare a Gwammaja, wadda mijinta na farko ya saka bayan shekara biyar ba haihuwa. Kowa ya yaba masa, aka ce ya rufa wa baiwar Allah asiri. Gaskiyar kuwa ba ta kai haka kyau ba. Abdulgafar ya yi lissafin cewa macen da aka riga aka ce ba ta haihuwa ba za ta sa rai ba, shi kuma ba sai ya buɗe baki ba. Mutumin da ba ya yarda da lambar wuyan riga, sai ga shi ya yarda da lambar da mutane suka liƙa wa mace bai bincika ba.

Surayya ta zo Guangzhou a 2023, kuma ta sa rai. Mace ce mai kawaici, ba ta da surutun Shatu, amma tana da nata. Ta koyi hanyar jirgin ƙasa cikin mako biyu, ta riƙa koya wa 'ya'yan 'yan kasuwa karatun allo a falonta, ta kira su Hafsah kowace Asabar ta duba musu aikin makaranta ta waya. Ya so ta, so na mutumin da bai zaci zai sake so ba. Inna kuwa ba ta huta ba. Duk ɗan kasuwar da zai taso daga Kano sai ta ba shi saƙo: garin saiwa a gwangwanin madara, rubutu a busasshen ƙyalle, sassaƙe a leda. Surayya ta jiƙa, ta tace, ta toshe hanci ta shanye. Shi yana zaune yana kallo, wani lokaci ma shi ke miƙa mata ruwan kurkure baki.

Bana ta tara ƙarfin hali ta je asibiti, wata ɗaliba 'yar Zinder da ke karatun likita ta raka ta don fassara. Aka yi gwaje-gwaje har kashi uku. Ta dawo da takardu a hannu, fuskarta kamar ranar salla.

"Abban Hafsah, sun ce lafiyata ƙalau. Ba abin da suka gani. Sun ce kai ma ka zo a duba ka, wai haka ake yi. Na ce musu mijina mai 'ya'ya biyu ne, me za a duba?"

Ya ce alhamdu lillahi, ya ce zai je idan kasuwa ta lafa.

Ya je, amma shi kaɗai, kuma wani asibitin daban. Ya zauna gaban wani likita mai ƙaramin gilashi, ya yi masa bayani da yaren garin irin na kasuwa, wanda ya ishe shi ciniki amma bai taɓa amfani da shi a wannan magana ba. Likitan ya zana masa a takarda. Ana iya sake haɗa bututun, in ji shi, aiki ne na awa uku ko fiye, da madubin ƙara girma, da zare siriri wanda ido ba ya gani sosai. Ɗan tela ya gane wannan. Sai likitan ya tambayi shekara nawa da ɗaurewa. Da ya ji goma sha huɗu, ya jinjina kai, ya ce a irin wannan tsawon lokaci, cikin mutum goma uku ko huɗu ne matansu ke samun ciki. Ya ƙara da cewa bayan aikin sai an yi jinyar makonni, ba ɗaukar kaya, kuma yana so ya ga matar.

Abdulgafar ya fito bai nufi Shahe ba. Ya bi ta Dengfeng a ƙafa da rana tsaka. Rabin shagunan da ya sani sun koma wasu hannaye, gidan abincin da suke sayen gasasshen kifi ya zama shagon waya. Ya tsaya a ƙasan tsohon gidansu, ya ɗaga kai ya ƙirga tagogi har shida. Wani ya shanya rigunan yara a wurin. Kewar Shatu ta kama shi har ya nemi wuri ya zauna. Wannan aiki shi ne abu mafi girma da ya taɓa yi wa wani mahaluki, kuma daga shi sai ita suka san da shi. Yana ji kamar in aka kwance, an kwance abu na ƙarshe da ya rage tsakaninsu. Ga tsoron wuƙa a shekara hamsin da ɗaya. Ga tsoron a yi aikin kuma a tashi a banza. Amma da ya auna duka, ya gane ba ɗaya daga cikinsu da ke hana shi barci. Abin da yake tsoro shi ne fuskar Surayya idan ta ji.

Ya isa gida wajen ƙarfe uku. Yaran allo sun tashi, tana naɗe tabarmi. Ya ce ta zauna. Ya faɗa mata duka, tun daga kwana taran Shatu a asibiti har zanen likita na yau. Bai ɓoye dalilin da ya sa ya zaɓe ta ba.

Surayya ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon tabarmar da ke hannunta.

"Abin da ka yi wa Maman Hafsah, Allah Ya saka maka," in ji ta. "Da ni ce, zan so a yi mini haka. Amma ni me na yi maka?"

Ta ɗago ta dube shi, ta ci gaba.

"Ka san abin da ake kirana a unguwarmu? Ka san shekara nawa ina zuwa suna ina zama a bayan ƙofa, don kada uwar jariri ta ga ina kallon ɗanta? Na zo nan na ce ko a nan zan huta. Ashe kana da maganar da za ta sauke mini rabin wannan, ka riƙe ta shekara biyu."

"Na yi kuskure, Surayya. Zan je a yi aikin. Gobe ma in kin ce."

"Aiki jikinka ne, kuma haihuwa ta Allah ce. In ka yi, na gode. In an yi ba a dace ba, zan iya haƙuri, na saba." Ta ajiye tabarmar. "Abin da ba zan iya ba shi ne in sake karɓar gwangwanin Inna in ce na gode. Ka kira ta ka gaya mata."

Da ta ce a yanka shi sau biyu, da ya fi masa sauƙi. Inna ta haura saba'in, ba ta taɓa jin namiji ya yi irin wannan da kansa ba, kuma abin da Inna ta ji da safe, kafin azahar yayyensa mata sun ji. Ya dubi agogo. Ƙarfe takwas na safe a Kano, Inna ta idar da lazimi, tana shan koko.

Ya ɗauki wayar. Surayya ta miƙe za ta ba shi wuri, ya ce ta zauna, ya buɗe muryar yadda za ta ji.

Inna ta ɗauka da fara'arta. Ta amsa gaisuwa, ta ce yara sun tafi makaranta, ta yi ƙorafin ƙafarta. Sannan ta sassauta murya, irin ta mai tausayi.

"Ya jikin ita yarinyar? Ka riƙa haƙuri da ita, ka ji? Ba ita ta ɗora wa kanta ba. Akwai wani malami da aka gaya mini a Ɗambatta..."

"Inna," ya ce. "Ki bar malamin. Surayya lafiyarta ƙalau, likita ya tabbatar. Daga wajena ne. Ki ba ni hankalinki, zan gaya miki abin da na yi shekara goma sha huɗu da suka wuce."